Italiyancin Baba Piyano

Baba Piyano bai taɓa kaɗa piyano ba, ko murfinsa bai san yadda ake buɗewa ba. Bakinsa ne ya jawo masa sunan. Shekara goma sha tara ya yi yana riƙe da injin kwaɓa siminti a wani kamfanin gina hanyoyi, a ƙarƙashin wani gajeren Bature ɗan Italiya mai jan wuya da kowa ke ce wa Kapo. Tun daga lokacin, duk wanda ya nemi ya yi masa gaggawa, sai ya ɗaga tafin hannu ya ce, "Piyano, piyano," wato sannu-sannu. Daga baya kamfanin ya tattara komatsansa ya tafi, Kapo ya koma ƙasarsu har aka ji labarin mutuwarsa. Aka bar Baba da tsohon inji guda da ya saya a gwanjo, da ciwon baya, da yaren Italiya.

Injin ne ke ci da gidan. In za a zuba kankare a unguwa, sai a zo da safe a ɗaura shi a bayan mota, Baba ya shiga gaba ya kame. Amma yaren shi ke ba shi girma. A wurin aiki ba ya ɓata Hausarsa a kan leburori. In ya ce "Akwa!" sun san ruwa yake so. "Ankora!" a ƙara yashi. "Basta!" ya isa haka. "Biyeni kuwa!" zo nan. "Izbirigati!" yi sauri. Sabon lebura yakan yi tsuru-tsuru kwana biyu, a na uku shi ma ka ji yana ihun basta. Mutanen unguwa kuwa tuni suka yanke hukunci cewa Baba Piyano yana jin Italiyanci kamar a can aka yanke masa cibi. Shi kuma bai taɓa musawa ba, don shi ma haka ya ɗauka.

A gida ma bai canja zani ba. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Auta, ta haddace akwa da basta tun tana amarya. Ba mugun mutum ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Bai taɓa ɗaga mata hannu ba, in zazzaɓi ya kwantar da ita shi ke wanke tukwane yana mita. Sai dai bakinsa a wurin aiki aka gina shi, a wurin aiki kuwa ba a roƙo. Ita kanta takan tsokane shi in ya miƙo kofi ba magana.

"Malam, ranar da na ji ka ce min don Allah, ranar zan san ba lafiya ba."

Sai ya ce, "Basta," su yi dariya.

Cikin kalmominsa akwai guda da ya fi ji da ita: zukone. Da ita Kapo ke kiransa. Yakan zo ya ƙwanƙwasa masa hular kwano da yatsa ya ce, "Zukone!" sauran Turawa su yi ta dariya. Tunda shi kaɗai ake ce wa haka cikin ma'aikata ɗari biyu, Baba ya gane cewa ma'anarta gwani. Da aka haifa masa ɗan autansa, ya ga yaron da faɗin kafaɗa da taurin kai irin nasa, sai ya ba shi gadon sunan. Kowa na cewa Auta, uban na cewa Zukone.

Auta ya tashi a gindin injin nan yana shan labarin Kapo da ƙasar Kapo, inda a cewar Baba ko hanyar ƙauye santsi gare ta. Ya koyi ɗaurin rodi, ya ƙware. Yana da shekara ashirin da huɗu ya ce shi can za shi. Uwar ta yi kuka ta gaji. Uban kuwa, a gaskiya, daɗi ya ji. Ranar tafiyar ya zaunar da shi ya zayyana masa duk kalmomin da ya mallaka, ya ce masa da waɗannan ba zai ɓata ba. Auta ya samu aikin gini a can, ya shekara uku. In ya bugo waya yakan zubo wa uban wani dogon Italiyanci yana dariya, Baba ya ce, "Basta, Zukone, ka fara gaida uwarka tukuna." Bai taɓa tsayawa ya lura cewa ko kalma ɗaya bai kama ba a cikin dogon zancen.

Wata Talata da hantsi aka bugo, ba muryar Auta ba. Abokin ɗakinsa ne, yana magana yana haki. Auta ya faɗo daga hawa na uku, kansa ya bugu, yana asibiti bai san inda yake ba. Shi abokin a wani gari yake aiki, sai ranar Lahadi yake samun zuwa dubiya. Ya ba su lambar ɗakin jinyar, ya ce gado na shida ne, ƙarfe biyar na yamma ake amsa wa dangi waya, kuma mahaifi kaɗai ake ba wa bayani don sunansa ne a takarda. Yayar Auta, malamar makaranta ce mai Turanci, ta gwada a ranar. Nas ɗin da ta ɗauka ba ta jin Turanci ko na zo in kashe ki.

Masu zuwa jaje duk magana ɗaya suke yi. "Allah ma ya taimaka uban yana jin yaren."

Ƙarfe biyar na washegari Baba ya tsaya a tsakar gida da waya a kunne, matarsa a dama, 'yarsa a hagu. Wata mata ta ɗauka ta ce, "Pronto?" Daga nan ta saki magana kamar an buɗe famfo. Baba ya kasa kunne yana jiran akwa, yana jiran basta, yana jiran ko da kalma ɗaya da ya sani ta wuce ya cafke ta. Ba ko ɗaya. Ya laluba cikin kansa yana neman yadda ake cewa ɗana, ya tarar babu. Yadda ake cewa yaya jikinsa, babu. Sai ya ɗauko abin da ke akwai.

"Biyeni kuwa! Izbirigati!"

Matar ta sake magana, wannan karon da zafi. Baba ya ga ta ɓata rai, ya ce bari ya lallashe ta da yabo. Ya tausasa murya ya ce, "Zukone. Zukone."

Ƙit, ta kashe wayar.

"Me ta ce?" in ji Maman Auta.

"Layin ne ba kyau," ya ce.

Washegari ma layin bai yi kyau ba. Maman Auta ta dube shi ta shiga ɗaki, ya jiyo ta tana jan hanci. A rayuwarsa bai taɓa jin kansa ba shi da amfani kamar ranar ba. Ɗansa na kwance, ga waya a hannu, ga mai bayani a ɗaya gefen tana yi, shi kuma yana tsaye kamar turmi.

A bakin titi akwai wani mai kemis, siririn mutum mai tabarau, wanda da ƙuruciya ya yi shekara huɗu a Italiya yana karatun zama limamin coci. Bai ƙarasa ba, ya dawo ya yi aure ya buɗe kantin magani. Shekara da shekaru Baba Piyano yana tsallake kantin nan ya tafi na gaba da shi sayen maganin ciwon baya, wai na can ya fi kyau. Ƙarya ce. Can ƙasan zuciyarsa ya daɗe da shan jinin jikinsa, ba ya son ranar da mutumin nan zai gaishe shi da yaren a gaban jama'a. Ranar Juma'a da safe ya shiga da ƙafarsa, ya zauna a bencin masu jiran allura, ya faɗi komai.

Mai Kemis ya ce, "Me da me ka ce mata, Baba?"

Baba ya maimaita. Mai Kemis ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa.

"Ka ce mata ta zo nan, ta yi sauri. Sannan ka zage ta."

"Zagi kuma? Gwana na ce mata!"

"Baba, zucca kabewa ce. Zuccone kuwa mai ƙaton kai kamar kabewa, wanda ba ya gane karatu. Daƙiƙi dai."

Wata mata ta shigo ta sayi maganin tari ta fita, Baba bai motsa ba. Ba Kapo ne ya fara faɗo masa a rai ba, ba kuma dariyar Turawan nan ba, ko da yake yanzu ya jiyo ta sabuwa fil. Auta ne. Shekara uku yaron nan yana can, ya san ma'anar kalmar sarai, kuma duk ranar da uban ya ce Zukone sai ya amsa da na'am. Bai taɓa gyara masa ba.

Mai Kemis ya ce, "Ƙirga min sauran." Baba ya zazzage su duka, sun kai arba'in da 'yan kai. Mai Kemis ya saurara har ƙarshe ya ce, "Duk daidai ne, Baba. Sai dai duk umarni ne. Zo, tafi, ɗauka, ajiye, yi shiru. Ba tambaya ko ɗaya a ciki." Shekara goma sha tara ashe ba yare ya koya ba, tsawa ya haddace.

Da yammar ranar Mai Kemis ne ya buga wayar daga kantinsa. Ya ba wa nas ɗin haƙuri, ya bayyana mata wane ne tsohon da ya zage ta, har Baba ya jiyo ta tana dariya. Suka daɗe suna magana, dariyar ta ƙare, Mai Kemis yana ta cewa si, si, yana kallon kwalaben da ke kan kanta. Da ya ajiye ya ce jini ne ya taru wa Auta a kai, inji ke taya shi numfashi, sai dai a jira. Ya ce kuma in Baba na so, shi zai riƙa bugawa kullum.

"A'a," in ji Baba. "Ɗana ne. Duk abin da za a faɗa a kansa, kunnena nake so ya fara ji. Uwarsa kuma ta dogara da cewa ina ji. In ta san ba na ji, da me za ta riƙe? Ka koya min kawai."

Haka tsoho mai shekara sittin da bakwai ya zama ɗalibi. Ya bar injin a rufe da tamfol, kullum ƙarfe takwas yana bayan kanta. Karatun bokonsa bai wuce haɗa baƙi ba, don haka Mai Kemis ke yaga masa kwalin magani ya rubuta da manyan haruffa. Ana cikin darasi wani zai leƙo ya ce a ba shi na ciwon ciki, a tsaya, a ci gaba.

Yaren bai yi masa da sauƙi ba ko kaɗan. Da Mai Kemis ya ce su ma kowane abu ko namiji ne ko mace, Baba ya ji daɗi, ya ce ai kamar Hausa ke nan. Sai aka fara. Kai, la testa, mace ce. Zuciya, il cuore, namiji. Hannu mace. Rana namiji, wata mace.

"Rana ce namiji? Kai, mutanen nan komai nasu a juye yake!"

Sai kalmar sei, wadda ke nufin shida, ke kuma nufin kai ne. Baba ya ce da duk arzikin mutanen nan sun rasa kuɗin sayen kalma biyu. Amma wadda ta fi tayar masa da hankali ita ce ta girmamawa.

"In baƙo ne ko babba, ba ka ce masa tu, wato kai. Sai ka ce Lei."

"Mene ne Lei?"

"Ita."

"Ko namiji ne?"

"Ko gemunsa ya kai cibiya."

"In ce wa likita ita? Ɗana na kwance a hannunsa in mayar da shi mace?"

Mai Kemis ya rantse masa cewa a can wannan shi ne ladabi. Baba ya juya kwalin a hannunsa, ya ce a hankali, "Kapo bai taɓa ce min ita ba."

"Per favore fa, ka taɓa ji a bakinsa?"

"Me ke nan?"

"Don Allah."

Bai taɓa ji ba. Ya sa aka rubuta masa ita a kwali na daban.

Kwana uku ya yi yana haddar jimla ɗaya, a hanya, a banɗaki, a kan tabarmar salla bayan ya shafa. Ranar Litinin ƙarfe biyar ya tsaya a tsakar gida ya karanto ta kamar mai taka gada ta katako: "Buonasera, signora. Sono il padre del letto sei. Come sta mio figlio, per favore?" Barka da yamma, ni ne mahaifin na gado na shida, don Allah yaya ɗana? Da ta fara sauri, sai tsohuwar kalmarsa ta yi masa rana. Ya ce, "Piano, per favore." Ta kuwa sassauta. Ta riƙa ajiye masa kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sun wuce shi, amma ya kama na ƙarshe, don ta maimaita su sau biyu.

"È giovane. È forte."

Ya juya ya ce wa matarsa, "Ta ce yaro ne. Ta ce mai ƙarfi ne."

Maman Auta ta ɗaga hannu sama. Ranar ta ci abinci.

Daga nan abin ya zama kullum. Ƙarfe biyar ya yi jimlarsa, nas ta yi nata bayanin da yake tsintar testa a nan, cuore a can, dottore, wato likita, a tsakiya, ba tare da ya iya ɗaure su wuri ɗaya ba, sannan ta rufe da è forte. Shi kuma ya juya ya ce mai ƙarfi ne. Ya san wannan ba bayani ba ne. Ya san a cikin maganganun da ke zubewa ta gefen kunnensa ne gaskiyar take. Da safe sai ya kai wa Mai Kemis ɓaraguzan abin da ya riƙe, rabin kalma nan, wutsiyar wata can, Mai Kemis ya yi ta juya su ya ce wataƙila kaza take nufi, wataƙila kuma kaza. Ranar Lahadi abokin ɗakin ya je ya gani da ido, ya ce yana nan dai yadda yake. Ba abin da uba zai iya yi wa ɗansa daga nan in ban da haddar kwali, shi ya sa ya riƙe haddar da hannu biyu.

Rana ta goma sha biyu nas ɗin ta ce wani abu da bai gane ba, sai ya ji takunta, ya ji an buɗe ƙofa, sannan wani sauti mai hurawa yana saki, yana hurawa yana saki. Ta ce, "Parli, parli." Yi magana. Ashe wayar ta kara a kunnen Auta. Baba ya miƙa wa uwar. Ta kira sunansa, ta yi masa addu'a, ta gaya masa yayarsa na gaishe shi, sannan ta mayar da wayar. Baba ya karɓa. Duk ladabin da ya haddace ya gudu. Abin da ya zo bakinsa shi ne abin da yake faɗa kowace safiya lokacin da yaron ke nauyin barci ranar makaranta.

"Alzati, Zukone. Andiyamo."

Tashi, mu tafi. Ya faɗa sau uku. Injin ya ci gaba da hurawa yana saki. Daga nesa ya jiyo nas ɗin tana fyace hanci.

Bayan kwana uku Mai Kemis ya ce yau sabon darasi za a yi. Ya rubuta kalma biyu a kwali: È a sama, ERA a ƙasa.

"Ta saman ka san ta. Ita ce ne ko ce, na yanzu. Ta ƙasan ita ce ta abin da ya wuce. Ce min Kapo gajere ne. Gajere basso."

"Kapo è basso."

"A'a. Ina Kapo yanzu?"

"Ya mutu."

"To, era basso."

"Don ya mutu sai ya ƙara tsawo?"

"Bai ƙara ba. Amma ba ya nan, su kuma sai kalmar ta nuna."

Ran Baba ya ɓaci sosai, ya ma rasa dalili. Ya ce, "Mahaifina mutumin kirki ne. Shekararsa talatin a ƙasa, har gobe mutumin kirki ne. Ban taɓa cewa a da ba. Su in mutum ya mutu har ne ɗinsa sai sun ƙwace?"

"Hausa ke nan, Baba, tana rufa wa kowa asiri. Kuma ba lallai sai mutuwa ba. Ko aiki mutum ya bari, ko gida aka rushe, era ake cewa."

"To ni me zan yi da ita? Na yanzu kawai nake buƙata."

Mai Kemis ya juya yana jera kwalaben da tuni a jere suke. Ya ce, "Ba don ka faɗa ba ne. Don ka ji."

Baba ya tashi ya bar kwalin a kan benci, bai ko yi sallama ba. Ya ƙudura cewa wannan kalma ba za ta zauna a kansa ba. Da yake kai ba ya jin umarni, wadda ya ƙi ɗin ita ta fi zama. Il ta namiji da la ta mace kullum sai sun kuɓuce masa, amma era ta bi shi har gida, ya kwana da ita ya tashi da ita. Ya fara sauraren nas ɗin da wani sabon tsoro, ba ya ma bin sauran maganar, ƙarshenta kawai yake jira. È forte. Sai ya saki numfashi. Washegari ma è. Jibi ma è.

Rana ta goma sha tara Asabar ce. Ƙarfe biyar ta yi tukunya na tafasa, Maman Auta na bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta ce ya buga tana jinsa daga nan. Yayar Auta ta fita, ba ta dawo ba tukuna. Baba ya zauna a kujerar roba ya yi jimlarsa, yanzu ba ya ko tuntuɓe a cikinta.

Nas ɗin ba ta fara da sauri ba yau, bai ma buƙaci cewa piano ba. Ta ce, "Signore." Sannan ta yi magana mai tsawo a hankali, ya tsinci dottore, ya tsinci cuore, ya tsinci wata kalma da yake jin safiya take nufi. Bai ɗaure su ba. Ya jira ƙarshen kamar kullum.

"Era forte, suo figlio. Era tanto forte."

Ya ji ta sarai. Amma layi yakan yi wasa da kunne, tsoho kuma yakan ji abin da ba a faɗa ba. Ya gyara zama. Ya haɗa tambaya da kansa, ba daga kwali ba, karo na farko a rayuwarsa, da ladabinta da komai.

"Scusi, signora. È, o era?"

Ta amsa a hankali.

"Era, signore. Mi dispiace." Haƙuri ke nan ta ba shi.

Ya ce, "Grazie," wato na gode. Ya ajiye wayar a cinyarsa. Da a ce wata guda da ya wuce ne, da ya ji forte ya yi hamdala ya kwana da ɗansa a raye. Shi ya je da ƙafarsa ya nemi a buɗe masa kunne, ga shi an buɗe.

"Me ta ce?" in ji Maman Auta daga bakin kicin.

Ya buɗe baki, abin da ya saba fita ya fita.

"Ta ce mai ƙarfi ne."

Ba ƙarya ya yi ba, ko Mai Kemis ba zai ce ya yi kuskuren fassara ba. Maman Auta ta ce alhamdu lillahi, ta juya ta buɗe murfin tukunya, tururi ya taso. Tana juyawa tana magana.

"Kullum haka take cewa, baiwar Allah. Ka ga amfanin yaren nan naka, Malam. Da ba ka ji, wa zai riƙa gaya mana?"

Ya zauna yana kallon bayanta. Ya san in ya yi shiru, za ta gama girkin nan da ɗanta a raye, ta zuba, wataƙila ma ta ci. Ya san kuma ba shi da ikon riƙe mata wannan labari, ba nasa ba ne shi kaɗai. Ya nemi ta inda zai fara, Hausar duk ta tsere masa kamar yadda Italiyancin ya tsere ranar farko. Ya jawo ɗaya kujerar kusa da tasa.

"Maman Auta," ya ce. "Don Allah, zo ki zauna."

Hannunta ya tsaya a cikin tukunyar. Ba ta juyo ba. Ludayin ya zame ya faɗi ƙasa.